Makafin Gilashi

Litinin, 3 ga Yuni, ƙarfe takwas na safe

Chiriku ta fara jini jiya. Onesmo, mai kula da ita, shi ya tare ni da labarin tun ban ajiye jaka ba. Mutum da furfurarsa, yana haki kamar shi ne zai haihu.

"Mama Festo, ta fara! Ɗigo uku na gani a siminti."

"To sai me? Bar ni in sha shayi, ba yau za ta ɗauki ciki ba."

Na faɗa ne don ya rabu da ni, amma ni ma gabana ya faɗi. Shekarunta bakwai. Duk karnukan bin sawu da ke gidan nan babu mai hancinta, ita ce ta bi sawun masu kashe giwa kwana biyu cur har bakin ƙofarsu. Hedikwata ta ce wannan ne zagayenta na ƙarshe. In ta ɗauki ciki, to madalla. In ba ta ɗauka ba a cire mata mahaifa, irinta ya ƙare ke nan. Namijin da aka zaɓa mata kuma yana Arusha, Baruti sunansa, tafiyar kwana biyu a mota, kuma aron kwana uku tak aka ba mu. Ni zan faɗi ranar da za a taso da shi.

Shekara talatin da ɗaya ina wannan aiki. A sa tsinken auduga a farjin karya, a mirgina shi a kan ɗan gilashi, a shanya, a tsoma a rini, a kai ƙarƙashin madubin ƙara girma. Littafi ya ba ƙwayoyin da ake gani sunaye masu karya harshe, ni kuwa na raɗa musu nawa tun ina budurwa. A farkon zagaye ƙanana ne, kewayayyu, kowace da ƙaton ido a tsakiya, su ne 'yan yara. Fararen ƙwayoyin jini da ke yawo a tsakaninsu askarawa ne. Kwanaki na tafiya ƙwayoyin suna faɗi, idon yana tsukewa, sun zama 'yan mata. A ƙarshe idon ya ɓace, su bushe, su yi kusurwa kamar ɓawon albasa. Waɗannan nake kira makafi. Ranar da makafi suka cika gilashi, askarawa suka janye, ƙasa ta yi fes, ranar ce karya za ta tsaya wa namiji.

Yau 'yan yara ne da askarawa da jini. Na gani sarai. Sai da na goge madubin sau biyu, amma na gani.

Talata, 4 ga Yuni, ƙarfe goma na safe

Ƙwan fitilar madubin nan ya fara mutuwa.

Laraba, 5 ga Yuni, ƙarfe ɗaya na rana

An sa sabon ƙwai. Dakta Nyalusi ce ta kawo shi, likitar dabbobin da aka turo mana a Janairu, sa'ar ɗana Festo ce ko ma ba ta kai shi ba. Ta leƙa ta ce, "Kai, Mama, wannan hasken ai sai ya ƙona ido!" Na ce mata kowa da yadda ya saba.

Ta sake kawo zancen gwajin jini. Wai a ɗebi jinin Chiriku a aika birnin Dar, na'ura ta faɗi ranar. Na tambaye ta kwana nawa kafin amsa ta dawo. Ta ce huɗu, ko biyar. Na ce to sai mu roƙi karyar ta dakata da jikinta har bas ya dawo. Onesmo ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ban kyauta ba, na sani. Yarinyar ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba, shi ya sa ma take ba ni haushi.

Gilashin yau: 'yan mata sun fara yawa, ina jin.

Alhamis, 6 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Sanyin garinmu Iringa na bana ya yi yawa, tururi na hawa gilashin madubi. Na goge.

Na tsiyaya shayi a gefen kofi. Teburin ne ya karkace, tun bara nake cewa a gyara.

Mama Adelina, 'yar cocinmu, ta aiko 'yarta wai me ta yi mini, ranar Lahadi ta ɗaga mini hannu a ƙofar coci na wuce ta kamar ban san ta ba. Mutane ba su da aikin yi.

Takardar nan ta watan Fabrairu tana nan a ƙasan jaka. Yau na taɓa ta ina neman makulli. Ban buɗe ba, na san abin da ke ciki.

Juma'a, 7 ga Yuni, ƙarfe tara na safe

Na gwada da idon hagu. Shekara talatin da ɗaya da na dama nake leƙawa, na hagun bai san hanya ba. Na koma na dama.

Asabar, 8 ga Yuni, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Makafi! Gilashin ya cika da su, manya-manya, babu ido ko ɗaya. Na zagaya daga wannan gefe zuwa wancan, na goge, na sake zagayawa. Kwana na bakwai ke nan. Da ɗan wuri, amma na sha ganin haka.

Onesmo ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula.

"Mama Festo, ba musu nake ba fa. Amma jinin har yanzu ja ne sosai. Kuma na shafa bayanta ba ta kawar da wutsiya ba."

"Kai ne mai madubin ko ni?"

"Ke ce."

"To je ka ce wa Dakta ta buga Arusha."

Dakta ta zo da waya a hannu. Ta ce, "Mama, in leƙa kafin in buga?" Na ce na riga na ajiye gilashin a akwati. Sai ta buga. Gobe da asuba za su taso.

Na ci ugali, tuwon masararmu, da wake a shagon bakin hanya, ban ji ɗanɗanon komai ba. Ya kamata a ce hankalina ya kwanta.

Lahadi, 9 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

Ban je coci ba. Na share ɗaki, na sake sharewa. Festo ya bugo daga Dar yana tambaya ko na koma wajen mutanen nan na watan Fabrairu. Na ce aiki ya yi yawa. Ya ce, "Mama." Na ce layin ba kyau.

Litinin, 10 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

Sun iso. Baruti ƙato ne, kunnuwa har suna jan ƙasa. Mai kawo shi wani dattijo ne, Mzee Pallangyo, baki kamar rediyo. Ko gaisuwa bai gama ba ya fara tsokanarmu, mu Wahehe 'yan Iringa da ake yi wa ba'ar cin kare.

"Ku Wahehe, na ƙirga ƙafafunsa huɗu kafin in taso. In na wayi gari na tarar da uku, tukwanenku zan fara buɗewa."

Onesmo ya ce, "Kwantar da hankalinka, Mzee. Karen da aka raina da ayaba safe da yamma, wa zai ɓata gishirinsa a kai?"

Aka yi ta dariya, har da ni. Ya ce Juma'a da asuba zai juya, Baruti na da aiki a can, ko minti ba zai ƙara ba.

Talata, 11 ga Yuni, ƙarfe goma na safe

Ta ƙi. Baruti ya matso, Chiriku ta zauna daram a kan gindinta ta yi masa gurnani. Na ce musu baƙunta ce, a bar su su saba.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Ta sake ƙi.

Na ɗauki wani gilashin. Makafi. Na goge madubin har auduga ta ƙare.

Laraba, 12 ga Yuni, ƙarfe biyu na rana

Ta cije shi a kunne, sai da Dakta ta yi masa ɗinki biyu. Mzee Pallangyo ya daina wasa. Ya ce shekara ashirin yana haɗa karnuka, karyar da lokacinta ya yi ba ta yin haka.

"Wa ya ce muku lokacinta ya yi?"

 Onesmo ya sunkuyar da kai yana gyara igiya. Dakta ta ce, "Mu muka ce, Mzee." Mu! Da ta ce Mama ce da ya fi mini sauƙi, da na samu wanda zan yi wa faɗa.

Bayan sun watse na tarar da Onesmo zaune a ƙasa cikin keji, Chiriku ta ɗora kai a cinyarsa. Tun tana da wata biyu yake riƙe da ita. Yana ce mata, "Ba komai, uwata, ba laifinki ba ne." Ya ji tafiyata bai ɗago ba. Na fi son ya zage ni.

Saura gobe kawai.

Alhamis, 13 ga Yuni, ƙarfe bakwai na safe

Na fito da gilashin Asabar daga akwati. Na riƙe shi a kan kwandon fasassun kwalabe. Gilasai nawa suka fashe a ɗakin nan, wa ya taɓa tambaya?

Har yanzu yana hannuna.

Alhamis, ƙarfe uku na yamma

Zan rubuta yadda aka yi, ko da layin zai karkace.

Na leƙa waje na kira ta. "Dakta, zo ki zauna nan."

"A kujerarki, Mama?"

"Na ce ki zauna. Gilashin Asabar ne. Kada ki kawo mini sunayen littafi, abin da kike gani za ki faɗa mini. Suna da ido?"

Ta rage hasken fitilar tukuna. Ta daɗe tana daidaita madubin.

"Suna da shi, Mama."

"Nawa cikin goma?"

"Bakwai. Ko takwas ma. Ga jini ko'ina, ga askarawa jefi-jefi."

Ashe ta san sunayena. Ban taɓa koya mata ba, a bakin Onesmo ta tsinta.

Na ce, "Ni ko ɗaya ban gani ba." Ta ɗago ta dube ni. Fuskarta ma ba na ganin tsakiyarta, sai gefen kunne da ɗankwali, wata huɗu ke nan haka nake ganin fuskar kowa. Na ce mata, "To kin ji. Ba ƙwayoyin ba ne makafin."

Na zazzage jaka na miƙa mata takardar asibitin ido. Ta karanta. Ni kuwa kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa hannuna. Na ji tsoro kuma, tsoron da nake ta kaucewa tun Fabrairu, ya zo ya zauna mini a ƙirji.

Sai na ce ta tashi ta ɗauko sabon tsinke. Ita ta ɗauka, ita ta rina, ita ta leƙa, ni ina tsaye a kanta ina tambaya.

"Gefensu a kewaye yake ko ya yi kusurwa?"

"Yawanci kusurwa."

"Idon fa? Kamar ƙwayar wake ko kamar ta gero?"

"Gero. Wasu ma babu."

"Marasa idon nawa?"

"Uku cikin goma."

"Ƙasan gilashin fes yake?"

"A'a, da ɗan datti. Jini ya ragu. Askarawa ban ga ko ɗaya ba."

Nan take na gan shi a kaina, fiye da yadda na ga kowane gilashi a bana. Uwar Chiriku ma haka take, mai jan ƙafa ce, sai ta yi mako biyu ba ta tsaya ba. Na san wannan tun ranar Asabar, ban so in tuna ba ne. Na ce Lahadi za ta tsaya, a sake Talata.

Dakta ta ce Mzee zai tafi gobe, sai hedikwata ta sa baki. Sannan ta rage murya. "Mama, zan ce musu rinin ne ya lalace."

Allah Ya sani, raina ya so. Har na buɗe baki zan ce to. Amma in rini ne ya yi ƙarya ranar Asabar, me zai sa su yarda da shi ranar Alhamis? Za su ce an gwada ba a dace ba, Baruti ya koma. Na ce, "Ki faɗa musu idon da ya duba na Asabar daban, wanda ya duba na yau daban. Ki faɗi sunana, Perpetua Kihwele, kada su ɗora wa wani."

Ta fita da waya. Ina jin muryarta daga nan, ba na jin kalmomin.

Juma'a, 14 ga Yuni, ƙarfe takwas na safe

Motar Arusha tana nan a inda take. An ƙara musu zuwa Laraba. An ce kuma in rubuta bayani, sannan in je a duba ko na cancanci ci gaba da aiki. Kowa ya san ma'anar wannan.

Mzee Pallangyo ya shigo ɗakina ba sallama ya ajiye mini maandazi biyu, irin fankenmu, a takarda.

"Dada, 'yar uwata, an ce ke kika riƙe ni a garin nan na sanyi."

"Ni ce."

"To ki ci. In Lahadi ta zo ba ta tsaya ba, ni da kaina zan ba Wahehe izinin dafa ta."

Asabar, 15 ga Yuni, ƙarfe goma na safe

Shida cikin goma, in ji Dakta. Na kasa zama. Na wanke kwalaben da suke a wanke.

Na tambayi Onesmo ko ya yi mamaki da ya ji. Ya ce wane mamaki? Tun Maris yake kwashe bokitai daga hanyar da nake bi zuwa keji, shi ne kuma ya shafa farin fenti a bakin matakala. Ni da nake ta yabon hedikwata wai sun tuna da gyara!

"Me ya hana ka magana?"

"Mama Festo, ke? Ni da iyalina muna son rayuwata."

Na zage shi sosai. Daga baya na shiga banɗaki na yi kuka.

Lahadi, 16 ga Yuni, ƙarfe goma sha biyu na rana

Tara cikin goma, ƙasa fes. Onesmo ya shafa bayanta, ta kawar da wutsiya gefe tun bai ɗauke hannu ba.

Ta tsaya. Sun haɗu minti ashirin da biyu, Mzee ne ya riƙe agogo. Ni daga inda nake wani abu mai launin ƙasa kawai nake hange, sai Dakta ta tsaya kusa da ni tana faɗa mini a kunne kamar mai ba da labarin ƙwallo.

Talata, 18 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

An sake, lafiya lau. Gobe za su tafi.

Tsayawa ba ɗauka ba ce. Na faɗa wa Onesmo haka sau uku, don kada ya fara raɗa suna.

Asabar, 22 ga Yuni, ƙarfe tara na safe

Dakta ta ɗago a firgice. "Mama, an koma farko! 'Yan yara sun dawo, askarawa sun cika ko'ina. Jiya fa duk makafi ne."

Na ce ta kwantar da hankali, ba farko ba ne, ƙarshe ne. Da gilashin buɗewa da na rufewa kamarsu ɗaya, wanda bai ga na jiya ba ba zai bambance su ba, shi ya sa ba a yanke hukunci da gilashi guda. Yau ƙofa ta rufe. Daga yau ake ƙirga kwana hamsin da bakwai. Na sa ta ƙirga a kalanda da yatsa. Lahadi, 18 ga Agusta. Na ce ta rubuta a allo da manyan baƙi, in akwai ciki ranar za ta sauka.

Ta ce, "In ya wuce da kwana ɗaya fa?" Na ce to ki zo gida ki yi mini dariya.

Juma'a, 28 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

Wasiƙar sallama ta zo daga hedikwata. Dakta ta karanta mini, kalmomi ne masu ladabi. Na ba ta makullin akwatin gilasai da tsumman goge madubi. Festo zai zo gobe ya tafi da ni wajen mutanen ido.

Laraba, 17 ga Yuli, ƙarfe goma na safe

Idon dama ya tafi. Na hagu sun ce za su yi ƙoƙari su tsare abin da ya rage. Da na fara magani tun Fabrairu da ba a kai haka ba, in ji likitan. Na ce masa na ji.

Ba na son Dar. Zafi, hayaniya, ga matar Festo tana bi na da kujera duk inda na juya. Zan koma gida.

Talata, 23 ga Yuli

Onesmo ya bugo. Akwai ciki.

Asabar, 17 ga Agusta, ƙarfe shida na yamma

Chiriku ta ƙi cin abinci, in ji Onesmo, tana tona bargo. Na share ɗaki, na sake sharewa.

Lahadi, 18 ga Agusta, ƙarfe uku na yamma

Onesmo ya zo da babur ana cikin addu'a a coci. Bai shigo ba, ya tsaya a taga yana kiran "Mama Festo!" har Mama Adelina ta zungure ni. Na fita ban jira albarka ba.

Bakwai. Na farko da ƙarfe bakwai na safe, na ƙarshe ina nan zaune a ƙasan keji ya fito. Mata huɗu, maza uku. Dakta ta kama hannuna ta ɗora a kansu ɗaya bayan ɗaya, ɗumi, santsi, kunnuwan tun yanzu sun fi kan girma. Chiriku ta shinshina yatsuna ta ƙyale ni. Dakta ta ce allon yana nan da rubutun, ba wanda ta bari ya goge.

Onesmo ya ɗauki ƙaramar cikinsu ya kawo ta dab da fuskata, ta ɓangaren hagu. Ban taɓa faɗa masa wane ɓangare ba ne.

"Mama Festo, duba mana da kyau. Nawa cikin goma?"

Na shafa fuskarta da babban yatsa. Idanun a liƙe gam.

"Makafi ne, duk bakwai ɗin."

"To ya za mu yi?"

"Ku ba su kwana goma sha biyu, za su buɗe. Amma ka lura da wannan, ta riga ta gano nono, ba ta jira ido ba."

Ya mayar da ita, ta ja ciki ta tsallake 'yan'uwanta biyu ta koma daidai inda ta bari. Na ce a rubuta a littafi, wannan ce mai hancin uwar. Dakta ta ce ta rubuta.